Rigar da Ta Sha Hayaki a Madadina

A ƙauyenmu da ke bakin fadama, gabas da Haɗeja, ba a ɗauki hayaki abin gudu ba. Abin adana kaya ne. Zangarniyar geron da za a yi iri da ita, a saman murhu ake rataye ta don kada ƙwari su taɓa. Sabuwar komar kamun kifi sai ta sha hayaki kafin ta shiga ruwa, haka ma gorar da masunci ke hawa. Kifi kuwa kowa ya sani: wanda aka bari ɗanye kafin la'asar ya fara wari, wanda aka yi wa banda sai ya hau jirgin ƙasa ya je Kano, ya wuce kudu, bai canja ba. Da damina idan sauro ya taso daga gonakin shinkafa, kowane ɗaki sai an turara kashin shanu da ɗanyen ganye, a ja ƙofa, a kwana a ciki.

Kakana, mahaifin babana, ya dubi duk wannan ya fitar da nasa karatun. Tunda hayaki yana adana gero da koma da kifi, in ji shi, babu dalilin da zai hana ya adana mutum.

Yana da buƙatar ƙirji mai kyau, don aikinsa nutso ne. Kowace bazara, idan ruwa ya janye ya bar babban tafkinmu, akan sa rana a buɗe shi kowa ya shiga su, wato kamun kifi na gayya. A tsakiyar tafkin akwai wani rami mai zurfi inda tsohuwar bishiya ta faɗa tun zamanin da. Manyan tarwaɗa a nan suke ɓuya, taru kuma a nan yake maƙalewa ya yage. Saboda haka kafin kowa ya jiƙa ƙafa, sai mutum ɗaya ya sauka har ƙasa ya lalubo yadda saiwoyin suka kwanta a shekarar, ya fito ya nuna inda za a bi. Tun kafin a haife ni Kaka ke wannan saukar, kuma a lokacin da nake ba da labari ya haura sittin.

Shirinsa bai taɓa canjawa ba. Idan su ya matso, kullum bayan azahar sai ya shiga bukkar bandar matarsa, wadda muke kira Iya, ya zauna tare da kifin har la'asar, lofe a baki. Ya sa wa abin suna bandar ƙirji. Yakan fito idanu jawur, yana ƙamshin tarwaɗa, magen gidan na biye da shi har ƙofar masallaci.

Sigari ta zo mana ne ta hannun sojojin da suka dawo daga yaƙin Turawa. Ɗaya daga cikinsu ya ba Kaka kara guda, ya nuna masa cewa ita ba a tsayar da hayaƙinta a baki kamar na lofe, zuƙa ake yi ya gangara. Kaka ya zuƙa, sannan ya ce ashe Bature ma yana iya kawo abin amfani. Shekara da shekaru yana yi wa ƙirjinsa banda daga waje, ga shi an samo hanyar yi daga ciki. Daga nan duk wanda zai kai kifi tashar Malam Madori sai ya dawo masa da gwangwani.

Ni a lokacin na wuce ashirin, ina sana'ar su tare da babana. Bisa wasan jika da kaka, ni ne mijin Iya, Kaka kuwa abokin takarata. Ba ya kirana da komai sai “ɗan nema”. Idan na shigo gidan yakan tambayi Iya ko ta ƙirga cokulanta.

A shekarar, tarin da yakan yi lokacin sanyi bai tafi da sanyin ba. Aka fara zafi yana nan. Tafiyar da ke tsakanin gida da bakin ruwa, wadda yakan yi yana surutu, sai ya koma tsayawa a tsakiya yana duba gonar da ba tasa ba, yana sukar yadda aka yi kunya, har numfashi ya dawo masa. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Sai kuma ya fara cin goro.

Goron ne ya tona shi. Duk rayuwarsa yana cewa goro abincin masu zaman kasuwa ne, ga shi yanzu ba ya rabuwa da shi, kuma ja kawai yake saya. Iya ta lura cewa ba ya jin daɗinsa, yamutsa fuska yake yi. Ta lura kuma cewa idan ya yi tari ya tofar, da sauri yake jan ƙasa da ƙafa ya rufe. Wata rana ta riga ƙafar. Ta ce mini jan goro daban, wannan daban.

Babana ya kai shi asibitin Haɗeja a kan jaki. Aka duba kakinsa ba a ga tarin fuka ba. Ma'aikacin da ya gan shi ya ce ya bar taba, ya nisanci hayaki, ya huta. Kaka ya tambaye shi ko ya taɓa sauka ƙarƙashin ruwa. Mutumin ya ce bai iya iyo ba. Kaka ya yi masa godiya ƙwarai, ya fito ya kunna sigari.

Bayan shekaru masu yawa, ina aikin gidan rediyo, na zauna da wani likita muna shirya bayani kan sankarar huhu. Ya ce iri-iri ce, kuma akwai wadda idan aka duba a madubin likita ƙwayoyinta manya ne, tana saurin girma, tana saurin yaɗuwa. Na tambaye shi abin da ke jawo ta. Ya ce taba ce a gaba nesa ba kusa ba, kuma yawan shekarun da mutum ya yi yana sha da yawan abin da yake sha su ne ma'auni. Bayanta akwai hayaƙin tabar wani da mutum ke shaƙa, da hayaƙin itace ko kashin dabba a rufaffen ɗaki, da wasu ƙurar wuraren aiki, da tsufa, wani lokaci kuma da gado. Ya ƙara da cewa wani zai tara duk waɗannan ya tsira, wani bai taɓa shan taba ba ta kama shi. Ban san ko ita ce ta kama Kaka ba, don babu wanda ya leƙa cikin ƙirjinsa. Abin da na sani shi ne, jerin da likitan ya kawo, Kaka ya bi mafi yawansa da gangan, a kan lokaci, kamar mai shan magani.

A wancan lokacin dai ba mu da wannan jerin. Abin da muke da shi shi ne su yana matsowa, kuma tsohon da ba ya iya kaiwa bakin ruwa sai ya tsaya a hanya yana shirin sauka cikin rami mai saiwoyi. Babana ba zai iya ce wa mahaifinsa ya gaza ba. Dattawan gari sun ce shi ya san jikinsa. Aikin ya rage wa Iya.

Ta fara da hujja. Ta ce masa kifin da take yi wa banda sai ya mutu tukuna. Ya ce wannan laifin kifin ne, da ya zo da ransa da ya fi daɗewa. Ta ja shi cikin bukka, ta lakato baƙar kunkunniyar da ta daskare a jikin itacen rufi, ta ce ga abin da ke cikin ƙirjinsa. Ya ƙwanƙwasa itacen ya ce ta nuna masa inda gara ta ci. Ta tuna masa cewa ruwan taba take jiƙawa ta kashe kaskar awaki. Ya ce to ai shi ya sa ba a taɓa ganin kaska a jikinsa ba. Iya ta gane cewa da baki ba za a ci shi ba, sai ta koma ga tukunya.

A gidan, kan tarwaɗa rabon mai gida ne. Wata rana da rana ta zuba mana abinci, ta ɗauki kan ta sa a gabana. Kaka ya dubi kan, ya dube ta.

“Hannunki ya ɓata hanya,” in ji shi.

“Bai ɓata ba. Mijina na ba.”

“Wannan ɗan neman? Ko tsakin kaza bai taɓa kawo miki ba.”

“Ni matar mai nutso ce,” in ji Iya. “Cikinku wanda ya fi daɗewa a ruwa, shi ke da kai. Na ji ana cewa yaron ya fi ka.”

Ba wanda ya taɓa cewa haka, amma Kaka bai tambayi mai faɗa ba. Ya ce gobe da hantsi a je a gwada.

Iya ce ta zaɓi wurin: wani ɗan lungun ruwa bayan lambun albasa, iyakarsa ƙugu, ba kowa sai mu uku. Tun da daddare ta kwashe goron da ke aljihunsa ta ce ɓera ne. Muka shiga. Kaka ya kama wuyan hannuna, wai don kada in yi ha'inci in fito in sha iska. Muka tsuguna, ruwa ya rufe mu.

Ban yi nisa da riƙe numfashi ba na ji yatsunsa sun matse ni. Ya daure fiye da yadda ya kamata, har na yi niyyar miƙewa in ba shi nasara, amma na tuna abin da ya kawo mu na zauna. Sai ya sake ni ya tashi. Da na fito na same shi a durƙushe, ya dafa gwiwa, tari na jijjiga shi. Abin da ya tofar ya yi ja a kan ruwa ya bazu a hankali. Ya kai hannu inda aljihu yake, ya tuna rigar tana gaɓa, goro kuma babu. Iya ta juya tana kallon wasu balbelu kamar yau ta fara ganin tsuntsu.

Da ya samu magana sai ya ce na mintsine shi a ƙarƙashin ruwa. Na ce haka ne. Ya ce ruwan lungun nan ma ba shi da kyau. Iya ta ce ita ma ta lura. Muka fito, ya sa riga, ya daɗe yana gyara hula.

“Bana kai za ka sauka,” ya ce mini. “Lokaci ya yi da za ka daina cin banza a gidan nan. Amma ba zan jefa ɗanyen mutum cikin ramin nan ba. Sai an yi maka banda kamar yadda nake yi, kullum har ranar su. In ka ƙi, ni zan sauka.”

A hanyar gida Iya ta rage tafiya har ya yi gaba, ta ce mini ita ta yi wannan wahalar ne don ta fitar da miji ɗaya daga hayaki, ba don ta cusa na biyu ba.

Kaka ya so ya zauna tare da ni a bukka don ya sa ido. Iya ta ce ba za ta haɗa masu takara biyu a ɗakinta su fasa mata kaya ba. Ta shimfiɗa masa tabarma a gindin tsamiyar da ke tsakar gida, inda yana iya ganin ƙofar bukka da rufinta amma ba ya ganin bayanta. Ɗan kifin da ake samu kafin ranar su, sai ta mayar da bandarsa gidan ƙanwarta. A bayan bukkar ta ajiye fasasshiyar tukunya, ta cika ta da ɓawon goruba da ɗanyen ganye. Hayaki yakan tashi ya lulluɓe rufin, daga tsamiya sai ka rantse daga ciki yake fitowa.

Ni kuwa bayan azahar sai in shiga da alwalata, in gaishe shi da hannu kamar mai tafiya yaƙi, in ja asabari. In cire riga in miƙa wa Iya ta wata kafa a jikin zana, ta rataye ta a kan tukunya. In zauna cikin inuwa mai sanyi ina ɗinkin koma, wani lokaci in yi barci. Kafin la'asar ta dawo mini da rigar tana wari, in sa, in fito ina tari. Tarin nan sai da ta koya mini. Ta ce na farkon da na yi na mai neman a ba shi hanya ne, in saurari na tsohon in kwaikwaya, amma kada in kai nasa.

Kullum kuma yakan aiko mini da karan sigari daga gwangwaninsa. Iya takan karɓa da hannu biyu, ta jiƙa a ƙwarya. A shekarar awakinmu sun fi na kowa tsabta. Gwangwanin kuma ya riƙa ƙarewa da wuri, kuma duk mai zuwa tasha sai Iya ta tare shi a waje, ya dawo ya ce kanti a rufe yake. Tsakanin ƙarancin taba da zaman iska a gindin tsamiya, tarin ya ɗan lafa. Bai tafi ba. Kaka ya ce albarkar bandar shekarun baya ce take fitowa.

Idan na fito yakan kira ni, ya kama gefen rigar ya shinshina, ya gyaɗa kai ya ce ina dahuwa. Mage ma ta koma bina.

Ranar su mutane suka cika gaɓa, har daga wajen Kafin Hausa da Miga, kowa da gorarsa da homa. Mata sun kafa murhu, masu kiɗa sun zo. Kaka ya iso a kan jaki. Da ya sauka, iska ta ɗaga babbar rigarsa, na ga ya ɗaura warkin fatar da yake sauka da shi. Iya ma ta gani. Ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta a ƙasa.

Ya yafito ni muka koma gefe, bayan jakin. Ya shinshina rigar kamar kullum. Sannan ya sa babban yatsa ya ja fatar idona ƙasa, ya duba, ya duba ɗayan.

“Fari tas,” ya ce a hankali. “Kamar na jariri. Ɗan nema, ni na yi shekaru ina fitowa daga bukkar nan. Tun ranar farko na ga idon nan. Yanzu kai za ka sauka, ko rigar?”

Na dubi warkin. Na san idan ya juya ya nufi ruwa babu mai tare shi a gaban jama'a.

Ya ce in ja numfashi. Na ja. Ya ce in ƙara, in riƙe. Ya kwantar da kunnensa a ƙirjina, a nan bayan jaki, ya daɗe yana saurare. Ina jin nasa numfashin yana fita da ƙara kamar ana jan zana a ƙasa. Na saki iska a hankali, na sake ja, yana nan bai ɗaga kai ba. Ban san abin da yake nema ba. Ina jin ya daɗe bai ji ƙirjin da ba ya ƙara ba.

Da ya ɗago sai ya ce, “Cire ta ka ba ni. Ta yi nata aikin.”

Na cire na ba shi. Ya rataya ta a kafaɗa, ya shiga yi mini bayani da sauri: in sauka ta gefen gabas, in bi gangar bishiyar da hannun hagu, kada in cusa hannu cikin kogon da ke gindinta, in saiwa ta kama ƙafata in koma ƙasa tukuna kada in fizga sama. Sai ya je ya zauna a kan tabarmar da Iya ta riga ta shimfiɗa nesa da ruwa.

Na sauka. Ramin sanyi ne da duhu, kuma komai yana inda ya ce. Na lalubo saiwoyin, tarwaɗa suna goga mini ƙafa, na fito na nuna wa masu taru hanya. Kafin in share ruwan idona na duba gaɓa. Yana zaune, babbar rigarsa a bushe, mutane sun kewaye shi, yana ɗaga tawa yana ba su su shinshina, yana gaya musu cewa shi da kansa ya yi mini banda.

Wannan fahariyar ta jawo abin da ba mu shirya ba. Washegari samarin unguwa suka zo gidan suna roƙon a ba su wuri a bukka, wasu har sun sayo sigari. Iya ta dube shi ta ce tunda shi ya tara su, shi zai sallame su. Kaka ya sa suka zauna. Ya ce ya yi bincike ya gano cewa ba mutum ake sakawa ba, riga ake ratayewa, ita ke kai wa jiki amfanin a hankali ba tare da ɓarna ba. Sigarin kuma su bari a wurinsa, bai dace da yara ba. Suka bari. Iya ta samu rabi ta jiƙa wa awaki, rabin ya ɓoye bai bari ta gani ba, don har ƙarshe bai daina sha ba.

Kan tarwaɗar da aka dafa daga kamun ranar, Iya ta sa shi a tsakaninmu ba ta ce na wane ne ba. Ya jawo shi gabansa ya ce ni an riga an biya ni da barcin da na sha a bukka.

Bai kai ranar su ta gaba ba. Ya rasu bayan an girbe shinkafa, a ɗakinsa, a kan tabarmarsa, babana na riƙe da shi, Iya na yi masa fifita. Ita ta hana a turara ɗakin duk damina, ta zauna tana korar sauro da hannu.

Na ci gaba da saukar har lokacin da na bar gari. Da na koma ziyara bayan an daɗe, na iske ana saura kwanaki a yi su, riguna sun yi layi a kan igiya bayan wata bukka, hayaki na tashi ƙarƙashinsu, masu su suna zaune a inuwa suna ɗinkin koma. Na tambayi wani saurayi dalili. Ya ce al'ada ce tun kaka da kakanni, ya tambaye ni ko ni baƙo ne.